Tukunyar da Na Wanke da Sabulu

Sebokeng,
Litinin, 3 ga Yuni.

Zuwa ga matata MmaPuseletso,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da sanyin dutsen QwaQwa. Yaya jikin Mme? Hannun ya fara motsi kuwa? Ki gaishe ta, ki ce surukinta mai manyan kunnuwa yana sa ta a addu'a kullum safe. Ni lafiyata ƙalau in ban da gwiwa, ita kuwa kin san ba mu shiri tun ranar da na durƙusa a gidanku.

Kin ce in daina ba direban tasi takarda, in riƙa kiranki a waya kamar sauran mutane. Na ƙi. A waya kina katse ni. A takarda kuwa sai na kai aya, ko da rubutun ɗan aji huɗu ne mai kama da inda kaza ta yi tono.

Ƙarar 'yarki Puse na kawo. Na ce 'yarki, don tun ranar Asabar na bar miki kasona.

Kin san ta daɗe tana roƙona in je Johannesburg in ga inda take dafa giyar nan tata. To na sa kwat ɗina na coci, na ja abokina Pheko ya raka ni. Wurin tsohon ɗakin ajiye tayoyi ne. Bango ba fenti, kujerun katakon da mu a kamfanin giya muke zubarwa ne, fitilu tsirara suna reto a waya. Na ce wa Pheko, "Kaico, yarinyar nan ba ta ƙarasa gini ba, kunya ta hana ta faɗa." Ashe wai ado ne. Ga samari masu gemu kamar annabawan cikin littafi, wandonsu bai kai idon sawu ba a wannan sanyin, kowa ya tsoma hanci a kofi yana shinshina kamar mai neman inda ɓera ya mutu.

Puse ta fito da dogon takalmin roba, ta rungume ni a gaban mutane. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗi. Sai ta kawo mana wani ɗan katako da kofuna biyar a jere, kowanne bai fi murfin maganin tari ba. Pheko ya ɗaga ɗaya ya ce, "'Yata, wannan sha ake yi ko ɗigawa a ido?"

Na farko ɓawon lemo aka sa masa. Na biyu ɗaci, har yanzu harshena bai yafe mini ba. Na uku baƙi ƙirin, wai da gahawa a ciki, na ce in karin kumallo ne a kawo burodi. Na huɗu, na rantse miki, warin karen Pheko yake in ruwa ya doke shi. Na biyar gurɓatacce ne, launin ƙasa. Ta ce, "Ntate, wannan dominka na ajiye shi a ƙarshe. Ɗanɗana kaɗan." Na ture shi gefe, na ce na gode, ina da sauran shekaru da nake so in yi a duniya.

Har nan wasa ne, ita ma dariya take. Sai abokin sana'arta, wani dogo mai gemu har ƙirji, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ntate, yau dai ka sha giya ta gaskiya, ba ruwan wankin kwano na kamfani ba."

Ruwan wankin kwano, MmaPuseletso.

Shekara talatin da ɗaya ina zaune a gaban fitila kwalabe suna wucewa, ina fizge mai tsaga da mai datti. Rabin idona na hagu a can na baro shi. Ruwan wankin kwanon nan shi ya yi wa gidanmu rufi, shi ya kai Puse jami'a ta koyo yadda ake raina shi.

Na miƙe tsaye. Na ce giyarmu, ka sha ta a Sebokeng, ka sha ta a Durban, ka sha ta ranar biki ko ranar makoki, ita ce dai, ba ta sake maka fuska. Talaka ya fito daga aiki ya san abin da zai tarar a kwalba kafin ya buɗe. Wannan shi ne gwaninta, ka yi abu sau miliyan ya fito ɗaya. Taku kuwa yau lemo, gobe kare. Na ce giyar da ba ta iya maimaita kanta ba sana'a ba ce, hatsari ne.

Kin san abin da suka yi? Tafi suka yi mini. Sun ɗauka ɗan wasa aka ɗauko. Wani har da ɗaga waya yana ɗaukata.

Puse kaɗai ba ta tafa ba. Ta rako mu bakin titi, ta ce ranar buɗe dutsen kabarin Nkgono, kakarta, za ta kawo duro guda na giyarta. Ni kuma na ce, "Wannan abin ba zai shiga ƙofar gidana ba, balle ranar uwata."

Ta dube ni irin kallon nan naki, ta ce, "To, Ntate. Ni da ita ƙofa ɗaya muke bi." Ta juya.

Tun ranar ba ta kira ba. Kin kuma san ita ce za ta yaye mayafin da ke kan dutsen, don ita tsohuwa ta goya, kuma ita ta ambata da bakinta. Ki kira ta ki ce ta zo ranar ashirin da biyu, ita kaɗai, ban da karen. Ke kuma ki iso saura mako guda saboda burkutun magabata, kin san ba a kiran uwata gida da ƙwarya wofi.

Ki riƙa rufe ƙafafunki. Gidan nan ya yi girma ba ke.

Mijinki, wanda aka zalunta,
Moeketsi Sefali.


Sebokeng,
Laraba, 12 ga Yuni.

MmaPuseletso,

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Mme, na samu takardarki. Na yi miki shafi huɗu, kin mayar mini da layi uku. Na farko, jiki ya tsananta, ba za ki iya barinta ba ko ranar. Wannan na karɓa da hannu biyu, Allah ya ba ta sauƙi, ki zauna da uwarki. Na biyu, wai in roƙi Puse ta dafa burkutun. Na uku ba zan maimaita shi ba, sai dai in tuna miki dabbar da kika ambata tana da amfani, ita ke kai kaya kan dutse.

In roƙi Puse. Ni.

Ko kin san hoton nan da aka ɗauke ni ya zagaya Sebokeng? Na shiga wurin shanmu ranar Lahadi, duk teburi ya miƙe, ana cewa, "Ku matsa, ga Ntate Hatsari." Mai wurin ya kawo mini kwalbata ya ce, "Tsohona, a murfin maganin tari za a zuba maka ko a kwanon wanki?" Shekara sittin da huɗu ina riƙe da sunana, yarinya ta sake mini shi a yini ɗaya. Amma ki sani, da aka zo kan maganar kanta, kaf teburin bayana yake. Pheko ya ce giyar da sai an yi maka bayani kafin ka sha, magani ce.

To ga shawarar da na yanke, ki riƙe ta a cikinki. Ni zan dafa.

Na san namiji ba ya dafa ta magabata. Amma duba mini gidan. Ni ba ni da 'yar'uwa mace. Rakgadi Mantwa, ƙanwar babana, ita ce babba da ta rage mana, shekara tamanin da huɗu, hannunta ba ya iya tuƙa kunu, kuma sai Juma'a za ta iso. Maƙwabciyarmu tun da ta shiga cocin masu farar riga ko warin ba ta so. Saura wa? Saura mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya a kamfanin giya. Gaskiya ne ban taɓa leƙa cikin tanki ba, ta taga nake hango shi. Amma na ga kina yi ba sau ɗaya ba. Garin masara ne, da tsiron dawa, da ruwa. Abin da mata ke yi suna hira ba zai gagare ni ba ina shiru. A gareji zan yi, Pheko ya tsare ƙofa. In Rakgadi ta tambaya sai in ce matan unguwa ne suka taimaka.

Sai kuma wata magana da ta tayar mini da hankali. Na jawo babbar tukunyar uwata daga bayan murhu, na haska cikinta da tocila. MmaPuseletso, ashe shekara da shekaru daga cikin wannan kuke shayar da mu? Wani ɓawo ne a jikinta mai kaurin farce, fari-fari, yana tsami. Da sufeto ya ga wannan a kamfaninmu, da an rufe layi an kori mutum goma. A can dokar farko tsabta, ta biyu tsabta, ta uku kada ka sha a bakin aiki.

Kada ki damu, na gyara. Na sa mata sabulu da soson ƙarfe, na kankare ta tun safe har azahar, na zuba tafasasshen ruwa sau uku, na kife ta a rana. Yanzu in kin leƙa sai ki ga jan yumɓunta kamar ranar da aka gina ta. Uwata za ta ga bambanci.

Puse har yau shiru. Ni ma shiru. Na wuce ta gaban hotonta na jami'a jiya na ce masa, "Za mu gani." Bai ce komai ba, halinta sak.

Naki,
Moeketsi, shugaban masu dafa giya na gareji.


Sebokeng,
Alhamis, 20 ga Yuni, da safe.

MmaPuseletso,

Ina gaisuwa, ina tambayar Mme, ki yafe gajartar, a tsaye nake rubutu. Ɗazu a waya ban iya gaya miki komai ba don Rakgadi tana tsaye a kaina.

Giyar ta ƙi tashi.

Asabar na jiƙa. Lahadi na dama kunun a tsakar gida, ya kama a ƙasa, ya tafi da gashin hannuna. Litinin na zuba tsiro na juye a tukunya na rufe. Talata na kasa kunne, shiru. Laraba shiru. Ba kumfa, ba ɗan shuuu ɗin nan da take yi miki. Tana kwance kamar kunun asibiti. Na kyasta ashana a bakinta yadda kike yi don a ga numfashin giya ya kashe wutar, ashana ta ci har ta ƙone mini yatsa.

Pheko ya ce, "Ɗan'uwa, wataƙila ba ta san abin da ake so ta zama ba. A nuna mata misali." Muka buɗe manyan kwalabe biyu na kamfaninmu muka tuttula mata. Ta haɗiye ko godiya babu. Muka tsaya muna kallon kwalabe biyu da suka tafi a banza, Pheko ya cire hula.

Sai ga Rakgadi yau da sassafe, ta riga ranarta da kwana guda. Ko jaka ba ta ajiye ba, hancinta ya kai ta gareji. Ta ɗaga murfi, ta kyasta ashana, ta dube ta tana ci. Ta shafa wuyan tukunyar ta ciki da yatsa, ta shinshina. Sannan ta ce, a hankali, "Wa ya wanke tukunyar Selloane?"

Na duba Pheko, ashe ya tuna ya bar wani abu a wuta.

Ta ce, "Moeketsi, kai da gemunka fari. Ɓawon nan shi ne irin giyar. A jikin tukunyar yake kwana, shi ke tayar da kowace sabuwa. Tun daga Ficksburg uwarka ta goyo shi a baya, ta kuwa karɓe shi ne daga tata uwar. Mata uku suka riƙe shi, kai ka gama da shi kafin azahar."

Na ce ai tsabta ce. Ta ce, "Rufe mini baki, ɗan kamfani."

Na ce to a roƙo iri a wani gida. Ta ce uwata ba ta san giyar wani gida ba, ba kuma za a fara koya mata yanzu ba. In tukunyar nan ba ta yi kumfa ba zuwa safiyar Asabar, Selloane ta juya mana baya ke nan, ba mai taɓa mayafin, kowa ya koma inda ya fito. Ga tunkiya a ɗaure, ga tanti an kafa, ga mutane suna tafe daga Ficksburg. Sai ta waiga ta ce, "Ina jikar da za ta yaye mayafin ma?" Na ce aiki ya riƙe ta. Ta ce, "Aikin bakinka."

Ni abin da ke ƙona mini rai, shekara arba'in ina cikin gidan nan da mata, ba wadda ta taɓa cewa, Moeketsi, dattin nan ba datti ba ne. Sai a bar mutum da sabulu.

Ke kuma na kira ki, duk abin da kika ce shi ne, "Je wurin Puse." Layi ya yanke, ko kuma ke kika yanke shi. Zan je. Ba haƙuri zan ba ta ba, ki rubuta ki ajiye. Zan je ne in ji abin da jami'a ta ce game da kunu.

Naki cikin sauri,
Moeketsi.


Sebokeng,
Litinin, 24 ga Yuni.

Zuwa ga matata, uwar 'yata, MmaPuseletso,

Gaisuwa irin ta wanda ya yi kewa. Na ji daɗin jin Mme ta sha romo da hannunta, Allah ya ƙara sauƙi. Ki zauna ki miƙe ƙafa, wannan mai tsawo ce, kuma ba ki da damar katse ni.

Ranar Alhamis ɗin na sami Puse a wurin giyarta ita kaɗai tana wanke ƙasa da tiyo, masu gemun ba su farka ba tukuna. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Ntate. Lemo za a kawo ko kare?"

Na yi kamar ban ji ba. Na ce wata tambaya ce ta ilimi, game da wani abokina da tukunyarsa. Ta ce, "Abokin naka shi ma gashin hannunsa ya ƙone?" To sai na faɗi komai. Da na zo kan sabulu ta rufe ido. Da na zo kan kwalabe biyun nan kuwa, yarinyar nan ta zauna a kan bokiti tana dariya har da hawaye.

Ta ce, "Ntate, kai da ka yi shekara talatin da ɗaya kusa da injin da ke gasa kwalabe? Me kake tsammani yake yi? Kashe giyar yake, don kada ta sake hali a hanya. Shi ya sa ta Durban da ta Sebokeng suke ɗaya. Gawa ka kai wa gawa ka ce ta tashe ta."

Na ce ba gawa ba ce, tarbiyya ce. Ta ce, "To, mai tarbiyyar ta tashe ta?"

Ta buɗe wani firij ta ɗauko kwalbar jam, an manna mata takarda an rubuta Nkgono. A ciki wani abu ne kamar kamu, yana ɗan motsi. Ta ce Kirsimetin ƙarshe da tsohuwa ta dafa, da hannunta ta kwarfo mata gindin tukunya, ta ce, "Uwarki tana da tukunya, ke riƙe wannan. Ba a ajiye abu wuri ɗaya a gidan da Moeketsi yake." Uwata ke nan, wadda nake saya wa dutse. Tun ranar, duk mako Puse take ba shi garin dawa da ruwan ɗumi, shekara biyu da rabi ba fashi.

Ta ce, "Kofi na biyar da ka ture, da shi na tayar."

Nan fa na tashi. Na ce wato uwata kike zuba wa masu gemu a murfin maganin tari suna shinshina ta? Ta ce, "Nkgono shekara ashirin tana sayar da ita a bayan gida. Sau nawa 'yan sanda suka fasa mata tukwane ta tsere da wannan ɗaya? Takalmin da ka je aji huɗu da shi, daga ina ya fito?"

Ina da amsa, MmaPuseletso. Har yanzu ina nemanta, amma na san ina da ita. Kuma ke kin san da kwalbar nan, kika bar ni ina ta shafi huɗu. Za mu yi wannan shari'ar in kin dawo.

Muka shigo tasi tare, kwalbar tana cinyarta cikin tawul. Da muka iso gida ta ja ta tsaya a bakin ƙofa. Na ce shigo mana, lokaci yana tafiya. Ta ce, "Ka ce giyata ba za ta shiga nan ba." Na ce wannan ai ba giyarki ba ce, uwata ce. Ta ce, "Ita ce kofi na biyar." Na rage murya na ce to bari in zagaya ta gidan maƙwabta ki miƙo mini ta kan shinge, kowa ya tsira da maganarsa. Ta ce ba a tsallaka da Nkgono shinge kamar kazar sata.

Ga Rakgadi a kujera tana kallo, ga masu kafa tanti sun daina aiki, ga Pheko ya dawo daga abin da ya bari a wuta. Na cire hulata na soke ta a aljihu. Na buɗe ƙofar har ƙarshe, duka ɓangare biyu, kamar mota za ta shiga. Na karɓi kwalbar da hannu biyu na wuce gaba. Na ce, "Ku shigo, ke da ita." Iyakar abin da na ce ke nan, in wani ya ce miki na ƙara da wata kalma, iska ce ta kwaso masa.

Aiki kuwa na gani. Ta ce ban da sabulun, garejin nan ko mutum aka kwantar ba zai tashi ba. Muka ciccibo tukunyar zuwa kusa da murhu. Ta ɗibi kunun ta ɗumama ta mayar, tana tsoma wani ɗan tsinken gilashi tana duba lamba. Rakgadi ta tsoma gwiwar hannu ta ce, "Ya yi." Puse ta duba tsinkenta ta ce, "Ya yi." Na ce to jami'ar ta mece ce? Ba wadda ta kula ni. Ta juye rabin kwalbar, ta ce a kawo bargo mafi kauri a gidan. Bargona na zuwa biki, wanda ko ke ba na bari ki zauna a kai, shi aka naɗa wa tukunya. Ni na kwana da kwat.

Juma'a da safe na durƙusa na kara kunne, gwiwa tana zagina. Can ƙasa na ji shuuu, siriri, kamar tsohuwa tana yi wa yaro tsawa a coci. Kafin la'asar kumfa ta ɗaga murfi ta gangaro kan bargona. Puse ta miƙo mini ashana ta ce, "Shugaban gareji." Na kyasta, na kai bakin tukunya. Fat, ta mutu. Na sake kyasta wata don kada a ce iska ce. Sai da na ƙarar da rabin kwali Rakgadi ta ƙwace.

Asabar da sassafe aka tace. Kafin a tafi maƙabarta kowa ya taru a tsakar gida, mutanen Ficksburg da na unguwa, har da 'yan teburinmu masu ce mini Hatsari. Rakgadi ta zuba ƙwaryar farko a ƙasa, ta kira uwata da sunanta, ta gaya mata yau za a buɗe dutsenta, ta kuma roƙe ta ta yi haƙuri da abin da ta haifa. Sannan ta cika ƙwarya ta biyu ta ɗaga. Kin san doka, wanda ya dafa shi ke fara sha a gaban kowa, a ga ba guba. Ta ce, "Wa ya dafa?" Ta sani sarai, so take a ji.

Ƙaryar matan unguwa tana nan a bakina, na riga na shirya ta tun kwana goma. Na dubi 'yan teburinmu, na ce, "Puseletso ce. 'Yata. Sana'arta ce."

Sai yarinyar ta ce, "Rakgadi, kunun na Ntate ne, za ki ji ƙauri a ƙasa. Ni tayarwa na yi." Tsakar gida ta ɗauki guna-guni, namiji ya dama kunun magabata. Rakgadi ta ce, "Selloane ta karɓa, ku su wa? Ku sha tare, in guba ce ta kwashe ku biyu mu huta."

Puse ta sha ta miƙo mini. Na sha.

MmaPuseletso, ita ce. Tsamin nan da ke kama gefen harshe, da ɗan zaƙin da ke biyo baya. Na ga bayan gidanmu na Ficksburg, na ga hannun uwata da zoben jan ƙarfe tana matse ƙyallen tace giya. A ƙarƙashi kuma ga ƙaurina, ya zauna daram, ba ya da niyyar tafiya. Idon nan na hagu da kamfani ya lalata ya fara zuba, na dama ma ya taya shi don zumunci.

A maƙabarta fadan coci ya yi addu'a, Puse ta kama bakin mayafin ta yaye. Dutsen ya yi kyau, an rubuta sunan daidai. Ta riƙe hannuna har muka dawo mota.

Kada ki ɗauka na sauya ra'ayi. Giyar kamfani ta fi, na faɗa a Johannesburg, na sake faɗa mata jiya a bakin tasi. An sha ta kiret-kiret ranar, ba wanda ya shinshina, ba wanda aka yi wa bayani. Gaskiya ne tukunyar ce ta fara ƙarewa, amma ai ita ɗaya ce. Ta bar mini kwalba guda ta mai lemon nan, na buɗe don adalci, Pheko ya ce ta fi kare. Iyakar yabon da za ta samu ke nan. Ta ce za ta zo Lahadi mai zuwa, wai za ta kawo mai gemun ya ba ni haƙuri. Na ce ya taho da wando cikakke.

Sauran rabin kwalbar jam ɗin ta bar shi a nan. Yana cikin firij, a tsakiya, na matsar da kwalabena gefe don ya samu wuri. Duk Lahadi cokali biyu na garin dawa da ruwan ɗumi, ta rubuta mini a bango da manyan baƙaƙe saboda ɗan aji huɗu. Ashe bayan shekara talatin da ɗaya ina tsaron gawa, yanzu aka ba ni mai rai.

Tukunyar na mayar da ita bayan murhu. Ɓawon ya fara kamawa, ɗan siriri, fari-fari. In kin dawo kika leƙa kika ga datti, ki yi wa Allah kada ki wanke.

Ki gaishe da Mme. Ki dawo da wuri, bargona har yau tsami yake.

Mijinki,
Moeketsi Sefali, wanda ake kira Hatsari.